Ranar da Muryar Shamshad Ta Ɗauke

Shamshad Lodhi bai taɓa iya wasan kurket ba, kuma ba ya ɓoyewa. Tun yana yaro a Multan ta Pakistan aka gwada shi a jifa, ƙwallo ta nufi shagon mai alewa. Aka ba shi katakon duka, ya runtse ido ya kai wa iska sara. Ƙarshe aka ce ya je can bakin fili ya tsaya, kada ya taɓa komai. A bakin filin nan ya gano abin da Allah ya ba shi: ido mai kama abin da ya wuce wa kowa, da baki mai mayar da shi labari tun kafin mai abin ya gama yi.

Yana saurayi ya zo Sharjah, maƙwabciyar Dubai, ya zama akawu a tashar jiragen ruwa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, leburori da direbobi sukan kafa turaku uku a kan yashi a bayan ma'ajiyar kaya su raba kansu gida biyu. Shi kuwa sai ya hau kan tsohuwar taya, ya naɗe jarida kamar lasifika yana sharhi. Sannu a hankali mutane suka fara zuwa don shi, ba don wasan ba. Wata jaridar harshen Urdu mai fitowa mako-mako ta ba shi rabin shafi, rabin shafi ya zama shafi. Da aka buɗe gidan rediyon 'yan ci-rani a Ajman, shi aka fara nema. Ya ajiye aikin akawu, bai ko waiwaya ba.

A shekarun da Indiya da Pakistan ke karawa a babban filin Sharjah, ba tasi, ba shagon aski, ba ɗakin girkin da ba a jin muryarsa. Abin da ya raba shi da sauran masu sharhi, shi ba ya cewa “masu sauraro”. Sunaye yake kira. Ana tsakiyar wasa sai ka ji ya ce, “Haji Karamat mai burodi, fitar da hannunka daga tanda, wannan jifar ba a jin ta ana aiki.” Ko kuwa, “Direbobin da ke gaban kasuwar gwal, ku taka birki, ga abu na zuwa.” Wanda aka kira sunansa yakan yi mako yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

Abokin sharhinsa Pillai ne, ɗan siriri mutumin Kerala ta Indiya, wanda Urdunsa ta karkace kamar tsohon keke. Shekara da shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna tsokanar juna, kowa na zagin 'yan wasan ƙasar ɗan'uwansa, in an tashi kuma su ci shinkafar biryani a kwano ɗaya.

Gidan da Shamshad ke haya bene ne a unguwar Rolla. A ƙasa akwai shagon ɗinkin Gulzar Bhatti, mutumin Sialkot, shi ma ɗan Pakistan. Hawa na biyu Gulzar ne da matarsa Parveen, na uku Shamshad da tasa matar, Rukhsana. Shekara guda aka haifa musu 'ya'ya maza, suka tashi a matattakala ɗaya, suka fasa gilashin taga ɗaya. Daniyal ɗan Shamshad ya fito dogo, shiru-shiru, mai jifa kamar harsashi. Faraz ɗan Gulzar gajere ne mai faɗin ƙirji, gwanin duka, bakinsa kuwa ko barci yake ba ya hutawa. Da suka girma aiki ya raba musu ƙungiya: Daniyal yana yi wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa wasa, Faraz yana yi wa wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A sanyin shekarar da suka cika ashirin da uku, ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar kamfanoni.

Da safiyar ranar Shamshad da Daniyal suka yi kiciɓis da Faraz a matattakala, kowa da jakarsa.

Faraz ya ce wa Shamshad, wanda yake kira Chacha, wato baffa, “Chacha, yau sai ka nemo sababbin kalmomi. Tsofaffin ba za su ishe ka faɗin abin da zan yi wa ɗanka ba.”

Shamshad ya ce, “Kai dai ka riƙe katako da hannu biyu. Da baki ake cin kofi, da tuni mun sayi sabon kabad.”

Faraz ya nuna Daniyal. “Dubi yadda ya yi shiru. Tsoro ne fa, Chacha. Tun jiya bai ci abinci ba.”

Daniyal ya yi murmushi kawai, ya gyara jakarsa a kafaɗa. Parveen ta leƙo daga ƙofa, hannunta duk garin fulawa. Shamshad na ce mata Bhabhi, wato matar ɗan'uwa, ita kuma tana ce masa bhai sahab, wato yaya.

Shamshad ya ce, “Bhabhi, yau ma ba za ki zo ba? Na tanadar miki kujera a inuwa.”

Ta ce, “Ni? In zauna ina kallo ana jifan ɗana da abu kamar dutse? Ka dai faɗa mini a rediyo, bhai sahab. A bakinka abin ya fi sauƙi.”

A mota ɗaya suka tafi, Gulzar na tuƙi, samarin biyu a baya suna faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga.

Filin na bayan unguwar masana'antu ne. Ranar ya cika maƙil, har kan rufin motocin ma'aikata mutane ne. Ɗakin sharhi wani ɗan akurki ne na katako a saman rumfar 'yan kallo, da tebur, da makirufo biyu, da fulas ɗin shayi. Bayan la'asar wasa ya yi zafi. Faraz ya daɗe a tsaye gaban turaku, ya hana kowa sakat, duk wanda ya jefo ƙwallo sai ya mayar masa da ita bakin fili. Da kyaftin ɗin 'yan tasha ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya miƙa wa Daniyal ƙwallo.

Fili ya ɗauki ihu. Kowa ya san su waye su biyun.

Shamshad ya ce cikin makirufo, “Jama'a, ga hawa na uku zai jefi hawa na biyu. Duk wanda ya ci, a matattakala ɗaya za a kwana.”

Daniyal ya taho a guje ya saki ƙwallo. Faraz ya tare ta da wani irin duka, ta tashi sama ta haye katanga ta faɗa kan wata motar bas.

Pillai ya buga tebur. “Maki shida! Shamshad bhai, ɗan waye wannan mai jifar? Ka san shi? In ba ka san shi ba in tambayo maka.”

“Ban taɓa ganinsa ba. Ina jin ɗan Kerala ne.”

Daniyal ya koma inda yake fara gudu, yana goga jar ƙwallon a cinyar wandonsa. Shamshad ya ɗauki madubin hangen nesa ya ga yadda yaron ya cije leɓe, ya san ta gaba ba ta wasa ba ce. Ya taho, ya doka ƙwallon da ƙasa tun daga tsakiya don ta tashi. Faraz ya juya zai share ta gefe, ta riga shi. Ta wuce ƙarƙashin katakon ta same shi a ƙirji, ɓangaren hagu. Har sama suka ji ƙarar, tim, kamar an doki buhun shinkafa.

Shamshad ya miƙe tsaye da makirufo a hannu.

“Wannan ita ce jifa! Wannan ita ce amsa! Pillai, kana tambayar ɗan waye? Ɗana ne! Jama'a ku yafe mini, ɗana ne!”

Dariya ta ci ƙarfinsa. A cikin madubin ya ga Faraz yana shafa ƙirji, ya ɗaga kai ya yi wa Daniyal wata magana yana murmushi, Daniyal ya juya yana dariya.

Shamshad ya ce, “Parveen bhabhi, kina jina a Rolla? Ɗora madara a wuta ki zuba kurkum, maganin ciwon jiki. Ɗanki zai dawo miki da tambari a ƙirji, hatimin hawa na uku!”

Faraz ya taka zai koma matsayinsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗi rub da ciki, katakon ya yi gefe.

“To ga shi kuma ya kwanta hutu. Tashi, ɗan tela, nan ba ɗakin Ammi ba ne! Ku ga wasan kwaikwayo, jama'a, wannan yaro tun yana...”

Pillai ya damƙe masa wuyan hannu. Bai taɓa jin hannun mutum da sanyi haka ba.

Pillai ya ce a hankali, ba cikin makirufo ba, “Shamshad bhai. Dubi hannunsa.”

Ya duba. Hannun Faraz na dama ya murɗe a ƙarƙashin jikinsa ta yadda mai rai ba zai bar shi ba ko na ƙiftawar ido. Fuskarsa na cikin ƙasa, bai kau da ita ba. Mai tsaron bayan turaku ya durƙusa ya juyo shi, sai ya zabura ya miƙe yana kaɗa hannu biyu sama, yana kiran da ba a jin abin da yake cewa. Alƙalan wasa suka ruga. 'Yan wasa suka rugo daga ko'ina. Daniyal kaɗai ya tsaya inda yake, dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba.

Shamshad ya buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Makirufo a buɗe yake. Duk mai rediyo daga Ajman har Dubai ya ji ihun fili ya ragu, ya ragu, har ya zama guna-guni. Sannan aka ji muryar mutum guda daga can ƙasa tana tsaga shirun tana kiran “Faraz! Faraz!” Gulzar ne, ya tsallake igiya yana gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. A kunnen Shamshad mai kula da na'ura daga Ajman yana ta magiya, “Shamshad sahab, yi magana! Muna kan iska! Ka ce wani abu mana!” Ya ji shi sarai. Ya sake buɗe baki, harshensa ya zama kamar na wani. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu bai taɓa barin daƙiƙa ta wuce babu kalma ba, ya tsaya da makirufo a hannu yana kallo kamar gunki.

Pillai ne ya iya cewa, “Za mu dawo,” da wata murya da ba tasa ba. Daga Ajman aka sako tallar shinkafa, da kiɗanta da waƙarta.

Shamshad bai san yadda ya sauko ba. Ya dai ga kansa a tsakiyar fili, wurin da bai taɓa takawa ana wasa ba. Wani likita daga cikin 'yan kallo ya yage rigar Faraz yana danna masa ƙirji, yana hura masa iska a baki, yana sake dannawa. Inda ƙwallon ta sauka ɗan ja ne kawai, bai kai tafin hannun jariri ba. Ko jini babu. Gulzar ya riƙe ƙafar ɗansa yana murza ta kamar mai jin sanyi.

Daniyal ya matso kusa da ubansa. Ya ce, “Abbu, ya yi magana fa. Ya yi mini magana. Lafiyarsa ƙalau, ya yi magana.”



Da motar asibiti ta iso aka ɗauki Faraz, amma a asibiti ba su daɗe ba likita ya fito. Ya ce tun a fili rai ya yi halinsa. Ya ce akwai wani ɗan lokaci tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya, ɗan mitsitsi, in duka ya sauka daidai a kansa sai zuciyar ta rikice ta tsaya. Ya ce da ƙwallon ta riga ko ta makara da ƙiftawar ido, da ciwon ƙirji kawai zai kwana da shi. Gulzar ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” sannan ya tambayi likitan ko zai iya shiga ya cire wa yaron takalmin wasa.

Abin da ya faru a Rolla kuwa, Rukhsana ce ta gaya wa mijinta. Ta ce da ta ji rediyo ya yi shiru ta sauko da gudu. Ta tarar da Parveen a ɗakin girki a tsaye, ta rungume rediyon a ƙirji, tallar shinkafa na ta kiɗa. A kan murhu madara ta tafasa ta zube, rawaya da kurkum, har tana ƙonewa.

Shamshad ya ce, “Ta ɗora?”

“Ta ɗora. Tana dariya ta ɗora, na jiyo ta daga sama.”

Ya zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa, da takalminsa da komai.

Washegari aka binne Faraz a Sharjah, garin da aka haife shi. 'Yan sanda sun yi wa Daniyal tambayoyi, Gulzar ya je da ƙafarsa ya ce musu wasa ne, ƙaddara ce, ba ya neman kowa da komai. Aka sallami Daniyal. Ya dawo ya shige ɗaki ya rufe. Rukhsana takan ajiye abinci a ƙofa, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Shamshad ya zauna zaman makoki tare da maza a shagon Gulzar, amma hawa na biyu ya gagare shi. In zai wuce ƙofar sai ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya bi ta jikin bango kamar ɓarawo. Daga Ajman ana ta bugo waya, bai ɗauka ba. Shafinsa na jarida ya fito da tallar gidan haya. Wata rana da hantsi ya fita sayo wa Rukhsana magani, yana wucewa ta gaban wani shagon aski sai ya ji muryarsa. Ashe wani ya naɗi wasan a kaset, kaset ɗin ya bi gari. “Ɗana ne! Jama'a ku yafe mini, ɗana ne!” Mutum biyar sun kewaye rikoda sun yi tsit, wanzami ya tsaya da aska a sama. Aka zo wurin madara, wani ya dafe kai ya ce, “Ya Allah.” Ba wanda ya lura da shi a ƙofa. Ya juya ya koma gida, bai sayi maganin ba.

Bayan an watse daga makoki, wata safiya aka ƙwanƙwasa. Gulzar ne, ya rame, gemu ya fito masa fari fat.

Ya ce, “Tana kiranka.”

“Gulzar bhai, da wace fuska?”

“Da wadda kake da ita. Taho.”

Parveen na zaune a kan tabarma a falo, ta lulluɓa da farin mayafi. Ta nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa daga nesa. Ya fara cewa, “Bhabhi, wallahi da na san...”

Ta ɗaga hannu. “Ban kira ka don ban haƙuri ba. Wanda bai sani ba me zai ba da haƙuri a kai? Saurara. Tun yaron nan yana ɗan shekara goma sha biyar ban taɓa ganin wasansa da idona ba. Da bakinka nake ganinsa. Ka ce ya ɗaga katako, in gani. Ka ce ya ruga, in gani. Ranar nan ka kawo ni har bakin ƙofa ka saki hannuna. Kowa na tambaya sai ya ce mini, ki yi haƙuri, bai sha wahala ba. Ubansa ma haka. Ni ba wannan nake so ba. Ka ƙarasa mini.”

“In ƙarasa me, bhabhi?”

“Sharhin. Daga inda ka tsaya.”

Shamshad ya dubi Gulzar. Gulzar ya sunkuyar da kai.

Shamshad ya mayar da ido kan tabarma. Da muryar ta zo, ba wadda aka sani a rediyo ba ce, wata ce ƙarama mai kaushi. Ya ce rana ta karkata, inuwar rumfa ta kai rabin fili. Ya ce Faraz yana sanye da shuɗiyar hularsa, ya naɗe hannun riga. Ya faɗi yadda ƙwallon ta tashi, da yadda ya juya zai share ta, da inda ta same shi.

Ta ce, “Ya yi ƙara?”

“Bai yi ba.”

“Ya yamutsa fuska?”

“Kaɗan. Kamar wanda ya kurɓi shayi da zafi. Sai ya sa hannun hagu ya shafa wurin.”

“Sannan?”

“Sannan ya taka, taku kamar biyu. Gwiwarsa ta dama ta fara saki. Bai kare da hannu ba, bhabhi. Ina jin kafin ya kai ƙasa ba ya nan.”

Ta gyaɗa kai a hankali, idonta a rufe. Ta tambayi wanda ya fara taɓa shi, ya faɗa mata sunan yaron da garinsu. Ta tambayi ko an kare masa rana, ya ce wani ɗan wasa ya cire riga ya yi masa inuwa. Ta tambayi ko hular ta faɗi, ya ce ta faɗi, alƙalin wasa ya ɗauka ya karkaɗe ta. Bai rage komai ba, bai ƙara komai ba.

Sai ta buɗe ido. “Ka tsallake wani wuri. Tsakanin shafa ƙirji da takawa. Muryarka ta yi tuntuɓe a nan.”

Ya ce, “Ya ɗaga kai ya yi magana. Yana murmushi.”

“Me ya ce?”

“Ban ji ba. Ina sama.”

“Wa ya ji?”

 Gulzar ya miƙe ya fita. Suka ji takunsa yana hawa, suka ji yana buga ƙofa a sama, yana bugawa, yana magana ƙasa-ƙasa. An jima suka ji ƙafa huɗu na saukowa.

Daniyal ya tsaya a bakin ƙofa, Gulzar na riƙe da hannunsa kamar ƙaramin yaro. Shamshad ya firgita da ganin ɗan nasa a haske: ido ya faɗa, leɓe ya bushe, rigar jikinsa kamar an rataya a ƙusa.

Parveen ta ce, “Shigo, ɗana. Ba a yi maka iyaka da ɗakin nan ba.”

Ya shigo ya zube a gabanta.

“Kalmarsa ta ƙarshe tana wurinka. Tawa ce. Ba ni.”

Daniyal ya ce, “Chachi, ba wata magana ba ce.”

“Ko mece ce.”

“Ya ce...” Ya share fuska da hannu. “Ya ce, ‘Sauro ne ya cije ni? Sake wata.’”

Parveen ta tsura masa ido. Sai wata dariya ta kuɓuce mata, gajera, mai tsini, har Shamshad ya zabura. Ta ce, “Mara kunya. Ja'irin yaro. Har a nan bakinsa bai mutu ba.” Da ta ji abin da ta faɗa, sai dariyar ta juye. Ta kamo kan Daniyal ta haɗa da kafaɗarta, tana dukan bayansa da dunƙulallen hannu tana kuka, tana duka tana riƙe shi gam. Daniyal ya saki wani irin kuka da ubansa bai taɓa ji daga gare shi ba tun yana jariri. Gulzar ya juya ya fuskanci bango. Shamshad ya zauna da hannu a kan gwiwa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ranar a hawa na biyu Daniyal ya ci abinci. Parveen ce ta tsaya a kansa sai da ya cinye.

Daniyal bai sake taɓa ƙwallo ba. Kafin zafi ya shigo ya nemi aiki a tashar jiragen ruwa ta Muscat ya tafi.

Shamshad ya koma rediyo da sanyin shekara ta gaba, bayan Pillai ya yi ta sintiri a gidansa, yana cewa shi kaɗai da Urdunsa an kusa rufe tashar. Amma ba Shamshad ɗin da aka sani ne ya dawo ba. Ya daina kiran sunan kowa. In ƙwallo ta sami ɗan wasa, ko a yatsa ne, sai ya yi shiru har sai ya ga mutumin ya miƙe ya koma matsayinsa ya fuskanci jifa ta gaba. Shugaban tashar ya kira shi ofis ya ce, “Shamshad sahab, mutane suna zaton batirinsu ne ya mutu.”

Ya ce, “Su ɗan jira. Ni ma jira nake.”

Wani gidan talabijin na Karachi da ya daɗe yana zawarcinsa ya gayyace shi gwaji. Ya je, ya dawo, suka aiko cewa muryar tana da kyau amma tana makara. Ƙarshen kakar wasa rediyon Ajman ta ɗauko wani saurayi mai ihu ta sa kusa da Pillai. Shamshad ya tattara madubinsa da fulas ɗinsa, ba rigima.

Rubutu ne ya rage masa, ya kuma riƙe shi. Mako bayan mako ya dami masu shirya gasar kamfanoni a shafinsa, har suka gaji suka sa doka: ba a fara wasa sai da likita da motar asibiti a bakin fili. Waɗanda suka bi shafin sun ce rubutunsa na bayan nan ya fi na da, ko da yake ba ya sa dariya kamar da.

Bai bar hawa na uku ba. Da la'asar shi da Gulzar sukan fito da kujeru ƙofar shago, su sha shayi, su yi zancen ciwon gwiwa da wanda ya koma gida da wanda ya aurar da 'ya. Daniyal yakan bugo waya daga Muscat ranar Juma'a. In ya gama da iyayensa, sai Rukhsana ta sauka da wayar zuwa hawa na biyu, ta miƙa wa Parveen.